Ina Sauran Ukun?

Ni dai ba faɗa ne ya mayar da ni asibitin nan ba, kuma ban ce a dawo mana da ko sisi ba. Tambaya ɗaya na yi ta jigila da ita tsakanin Wudil da Kano, wadda ko ɗan aji ɗaya zai iya lissafinta. An ce min biyar ne, an sa min biyu. To ina sauran ukun?

A shekarun nan ne da man fetur ya yi tsada a duniya, kuɗi suka gangaro har ƙananan hukumomi. A Wudil sai ka ga wanda jiya yake tura keke yau ya hau sabon babur, ana rushe katangun ƙasa ana ɗora bulo. Maigidana, wanda nake kira Malam, ma'aikacin gona ne na gwamnati, aka biya su wasu tsofaffin haƙƙoƙinsu a dunƙule. Abokansa suka bazama sayen filaye a bakin titi. Shi kuwa ya shigo bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma yana kallon ƙasa, ya ce ya ji labarin wani asibitin kuɗi a Kano inda ake dashen ciki. A lokacin mun haura shekara goma da aure, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Rubutu na sha, sassaƙe na sha, har wanda ƙanwar babana, Gwaggo, take aiko min daga Utai, mai ɗacin da sai da kuka nake haɗiye shi.

Kafin mu taka ko'ina sai da Malam ya tambayi limamin unguwarmu. Liman ya ce babu laifi, muddin ƙwan na matar ne, ruwan na mijinta ne, kuma cikinta za a mayar. Abin da shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne a cakuɗa, na wata ya shiga cikin wata. Wannan maganar na ƙulle ta a zuciyata.

Asibitin gidan wani ne mai bene aka gyara. Ƙasa tayil, sanyi kamar cikin randa, bango kuma duk hotunan jarirai ne jajur, ƙato-ƙato, ko ɗaya babu mai kama da 'ya'yan Wudil. Yarinyar da ke zaune a teburin karɓar baƙi ta miƙe tsaye da ta gan mu. "Hajiyata, sannu da hanya! Ya gajiya? Ya mutanen Wudil? Insha Allahu baɗi war haka da goyo za ki shigo mana." Aka kawo mana lemo mai sanyi. Na ce a raina waɗannan 'ya'yan mutunci ne.

A nan muka ji yadda suke aiki. Babban likitan da ya iya abin ba mazauni ba ne. Daga ƙasar waje yake zuwa, shi da mai kula da ɗakin gwajinsa, sau kaɗan a shekara. Kafin ya iso sai a tara mata a yi ta shirya su da allurai, kamar maniyyata masu jiran jirgi. In ya sauka a yi wa kowa aiki a 'yan kwanaki, ya tattara jakarsa ya koma. A lokacin ban ga aibun haka ba.

Alluran sai a sanyi ake ajiye su, mu kuma wuta sai ta ga dama. Na roƙi maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara ta sa min su a firjinta. Can suka zauna tsakanin ƙullin zoɓo da kunun aya. Ta tambaye ni na mene ne, na ce maganin asibiti ne, ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba, Allah ya saka mata. Duk ranar awo kuma ba na zuwa hannu rabbana. Tun da safe nake aikawa bakin gadar Wudil a sayo kifi, in soya, in barbaɗa yaji, in cika samira in kai wa nas-nas ɗin. Har suna suka sa min, Hajiya mai kifi. In na shigo sai ka ji, "Ga ta nan, yau mun huta da sayen abinci!"

Malam mutum ne mai tsananin kunya. Ko a gida, in Gwaggo ta fara zancen mata, sai ya ɗauki buta ya fice ko da lokacin salla bai yi ba. A asibiti ma haka. Da likita ya ambaci al'ada ko mahaifa, sai ya miƙe ya ce bari ya duba mota, alhali a motar haya muka zo. Su kuma ma'aikatan, in maganar biya ce ko wata shawara, shi suke kira ofis, ni a bar ni a kujera da hijabina ina kallon jariran bango. Na gama sakandare, ina jin Turancin da suke yi a kaina sarai, amma ba wanda ya taɓa tambayata ko ina ji. Haka muka yi ta tafiya, rabin bayani yana wurina, rabi yana wurinsa, kuma ba mu saba zama mu haɗa irin wannan zancen ba.

Ranar dashen, babban likita ya juyo min da wani ɗan talabijin. Na ga wasu 'yan ƙwallaye guda biyar a jere, sak ƙwan kifi irin wanda nake cirowa in ina gyaran karfasa. Ya ɗaga yatsunsa biyar yana murmushi, ƙaramin likita Bahaushe da ke gefensa ya ce, "Hajiya, biyar sun kama. Biyu za a sa miki yau." Hawaye ya zubo min. Shekara da shekaru ana ce min ba komai a cikina, yau ga biyar ina gani da idona.

Aka gama, aka ce in kwanta kada in motsa. Na sandare kamar itace, ko tari na ƙi yi don kada su faɗo, ga fitsari ya cika min mara don sun sa na sha ruwa da yawa. A wannan halin wata nas ta leƙo, rabin jikinta a waje, ta ce, "Hajiya, akwai 'yar shawarar da ta rage, me kika ce?" Na ce, "Ku tambayi Malam. Duk abin da ya ce shi ke nan." Ta ce to, ta ja ƙofa. Ni na ɗauka maganar ranar dawowa ce, ko wani biyan da ya saura.

Gwaggo ta baro Utai ta zo ta zauna da ni. Ungozoma ce, rabin yaran ƙauyensu a hannunta suka faɗo. Ta hana ni shara, ta hana ni ɗaukar ko buta, salla ma a zaune ta ce in yi. Kullum sai ta dafa cikina ta yi addu'a, ta ce, "Ku zauna daram, ba inda za ku." Ran wata Juma'a, ana ta rugugin motocin shanu masu shiga kasuwar kara, na shiga banɗaki na ga jini. Na yi salati, na fito na zauna a bakin rijiya. Gwaggo ta dubi fuskata, ta zo ta rungume ni.

Duk da haka muka je aka ɗebi jini, don sun ce dole ne. Amsar ba ni aka ba ba. A wayar Malam ta shigo, saƙo layi biyu da Turanci, wai ba a dace ba, kuma akwai ragi ga mai son sake gwadawa. Shi ke nan. Mu a nan ko akuyarka ce ta mutu sai maƙwabta sun shigo sun yi maka jaje. Mutanen da suka ci kifina wata da watanni, ko "Allah ya ba da haƙuri" ba su iya rubutawa ba.

Ƙaddara na karɓe ta, Allah ne shaida. Mai bayarwa bai ba ni ba a wannan karon, ban da ta cewa. Gwaggo ce ta tayar da maganar da ta hana ni sakat. Tana tsince shinkafa ta ce, "Ke 'yar nan, ba biyar kika ce min ba?"

Na ce biyar ne.

"Biyu sun tafi, Allah ya sa masu ceto ne. Sauran fa?"

Na ce ban sani ba. Ta ajiye faranti, ta buɗe ƙullin kayanta, ta yago wani farin ƙyalle sabo ta miƙo min. A wurinmu ko ɓari mace ta yi, abin da ya fito ba a zubar da shi. A naɗe shi a farin ƙyalle a haƙa rami a bayan ɗaki a rufe. Mabiyiya ma haka ake mata. Na ce, "Gwaggo, waɗannan fa ba su kai ƙwayar gero ba, sai da na'ura ake ganinsu."

Ta ce, "Na ji. Na mutum ne ko na kaza? In suna da rai ki san inda suke, in sun mutu ki karɓo min su. Ni ban taɓa barin na kowa a bola ba, ba zan fara a kan naki ba."

Da Malam ya dawo na daure na tambaye shi. Ya ce, "Wannan ai ke za a tambaya." Ya ɗauki buta.

Na sa ƙyallen a jaka na hau motar Kano, wannan karon ba kifi. Yarinyar tebur ta ɗago ta dube ni kamar ta ga mai tallar goro. "Madam, kina da alƙawari da likita?" Jiya-jiya ni ce Hajiyata. Na ce tambaya kawai zan yi. Ta ce ko tambaya ce sai an yanki katin ganin likita. Na yanka. Na zauna har azahar ta wuce, sannan aka shigar da ni wurin wani likita da ban taɓa gani ba. Ya yi ta juya takarduna, ya ce shi sabon zuwa ne, wannan mai ɗakin gwaji ne zai sani, shi kuma ya koma ƙasarsu tare da babban likita. Na ce ba a kiransa a waya? Ya ce za su tuntuɓe shi, in dawo wani mako.

Na dawo wani mako, na kuma dawowa. Na san kowane rami da ke kan titin nan, har 'yan kamasho sun daina tambayata inda za ni. Kowane zuwa da amsar da nake samu. Wata nas ta ce, "Ai suna firji, ki kwantar da hankalinki." Na ji daɗi har na fara sa mata albarka, sai ta kusa da ita ta ce, "Wane firji? Ai ba kowa ake ajiye wa ba." Suka hau gardama a gabana kamar ba na wurin. Ta ukunsu, wata mai jan baki, ta ce, "Haba Hajiya, ki bar wa Allah mana."

Na ce, "'Yata, tun kafin ki fara sa jan baki na bar wa Allah. Abin da Allah ya yi ban tambaye ku ba. Abin da kuka yi da hannunku nake tambaya."

Ranar ina zaune aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari ya mutu, aka daɗe ana fama da shi. In da gaske suna firji fa? Ni da na san yadda ƙanƙarar maƙwabciyata take komawa ruwa in wuta ta yi nisa. Amma wannan ma sauƙi ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar liman. Wata mata ta shigo awo da tsohon ciki, tana tafe tana dafe ƙugu, an ce a nan aka yi mata dashe ta dace. Na tsinci kaina ina ƙare mata kallo, ina cewa a raina, ko nawa ne a cikin nan? Baiwar Allah ba ta san ni ba, har ta gaishe ni da fara'a. Na amsa, na koma ina istigfari har gida. Ni da ban taɓa yi wa mai ciki kallon banza ba, ga inda rashin amsa ya kai ni. In na yi sujada abin ne yake zuwar min, wani yaro da jinina yana girma a gidan da ban sani ba, yana kiran wata uwa, wata rana ma ya auri wadda ba ta halatta gare shi ba.

Da na ji babban likita zai sake zuwa, na ce wa Malam tare za mu. Ya ce yana da aiki a Darki, ana rabon taki. Na ce takin ya jira. Ban taɓa yi masa magana haka ba, ya dube ni, ya je ya sako babbar riga.

Muka tarar da falon cike da sababbin mata, kowace da lemonta mai sanyi, yarinyar tebur tana ta "Hajiyata" da "baɗi war haka". Ta ce yau ranar masu aiki ce, likita ba shi da lokacin tsofaffin marasa lafiya. Na ce ba komai, ina nan zaune, in sababbin nan sun tambaye ni yadda na ƙare zan gaya musu gaskiya, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Ba a jima ba aka ce mu shiga.

Babban likita bai gane ni ba, ban kuma yi mamaki ba. Ƙaramin likitan nan Bahaushe yana gefensa. Da aka buɗe takardu aka ambaci ƙwai, Malam ya yunƙura zai duba motarsa. Na kama gefen babbar rigarsa na riƙe. A gaban maza biyu! Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ban saki ba. Na ce, "Malam, don Allah zauna. Yau tare za mu ji." Ya koma ya zauna.

Na yi tambayata da Turancina na makaranta, ban jira tafinta ba. Likitan ya ɗago da mamaki, ya aika aka kira mai ɗakin gwaji, suka duba abin da za su duba. Sannan ya ce, a cikin ukun, biyu sun daina girma da kansu bayan kwana kaɗan. Ɗaya kuwa lafiyayye ne, da an so da an daskarar da shi an ajiye, a sa min shi wani lokaci ba tare da na sake shan wahalar allurai ba. Ya ce an tambaye mu ranar dashe, ba wanda ya ce a ajiye, su kuma ƙa'idarsu in ba a ce a ajiye ba, ba sa ajiyewa.

Na ce, "Wa aka tambaya?"

Malam ya yi gyaran murya, idonsa a ƙasa. Ya ce wata nas ta tare shi a baranda, gaban mutane, ta fara maganar ƙwan Hajiya da ƙarfi. Shi bai ma tsaya jin ƙarshen zancen ba ya ce ta je ta tambaye ni, abin mata ne. Sai ga nas ɗin nan ta faɗo min a rai, rabin jikinta a waje, da 'yar shawararta da ta rage. Shi ya turo ta wurina, ni na mayar da ita wurinsa, ita kuma ba ta koma ba. Ta je ta ce ba wanda ya ce a ajiye.

Na ce, "An ba wata?"

Likitan ya girgiza kai da ƙarfi, ya ce ba a taɓa yin haka a wurinsu ba. Ƙaramin ya ce, "Wallahi Hajiya ba a ba kowa ba." Na ce alhamdu lillahi. Sannan na ce to ina suke, na zo da abin da zan naɗe su. Na ciro ƙyallen Gwaggo na shimfiɗa a kan teburin. Ƙaramin likita ya ce a hankali, an haɗa su da sauran kayan ɗakin gwaji an ƙone tun a makon.

Baƙon ban ga laifinsa sosai ba, bai san mu ba. Ɗan'uwana Bahaushe na juya wa, na koma Hausa. Na ce, "Likita, kai ɗan gida ne. Wane magidanci ne za a tare a baranda da maganar ƙwan matarsa ya tsaya? Wace mace ce za ta yanke shawara tana kwance, mijinta yana bakin ƙofa? Ka san haka, nas ɗinku ta san haka. Ga kujeru biyu nan a gabanka, ga ƙofa mai rufuwa. Ranar da za mu biya ai kun san yadda kuka zaunar da mutum kuka yi masa bayani dalla-dalla."

Bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne. Allah ya ba da haƙuri, Hajiya." Wannan ce kalmar jaje ta farko da na ji a gidan nan, bayan watanni. Na ce amin, na naɗe ƙyallena. Muna fitowa yarinyar tebur ta biyo mu da gudu, wai kada mu manta ragin nan yana nan har ƙarshen wata. Malam da ba ya ɗaga murya ya ce, "Yarinya, koma ki zauna."

A hanyar komawa gida motarmu ta hau gada, ana hango masunta a ƙasa. Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da na tsaya na ji." Na ce, "Da sun zaunar da mu." Can ya ce, "Sannu." Na ce, "Kai ma sannu." Ashe mu ma tun ranar Juma'ar nan ba mu yi wa juna jaje ba.

Ba mu sake taka asibitin ba. Amma tun daga ranar, ko ciwon kai ne ya kai ni wurin likita, Malam yana zaune a kujerar gefe har a gama, yana gumi, yana kallon silin.

Na gaya wa Gwaggo yadda aka yi. Ta yi salati, ta ce, "Ƙonewa? Sai ka ce shara." Na miƙa mata ƙyallenta ta ce in riƙe. Na so in mayar da shi na tatar koko, hannuna ya ƙi. Ya zauna a ƙasan akwati har damina ta zagayo, ranar da maƙwabciyata mai ƙanƙara ta yi ɓari, na ji ana cigiyar farin ƙyalle ta kan katanga. Na ɗauko na kai, ni na naɗe da hannuna, aka haƙa a bayan ɗakinta aka rufe. Sannan na shiga na zauna a bakin gadonta, na ce mata sannu, Allah ya ba da haƙuri.